Inna ta toshe tagogi, maigida na neman injin danshi, yara kuma na ta tari

Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce a Mabera, cikin Sakkwato. 'Ya'yana uku: babban shekararsa 7, mai bi masa 4, sai ta goye mai wata 10. Ciki da falo muke haya. Wata uku ke nan da mahaifiyar maigidana ta dawo wurinmu daga ƙauye, muna kwana ɗaki ɗaya da ita da yaran, shi kuma ya koma falo. Tun da hunturu ya shigo yaran nan ba su huta ba. Wannan ya warke mura, wancan ya ɗauka, babban har haɓo yake yi da asuba. Inna ta ce iska ce. Da an yi la'asar sai ta rufe tagogi, ta liƙe luba da kwali, ta cusa tsumma ƙarƙashin ƙofa, in dare ya yi sanyi kuma ta shigo da kaskon gawayi. Na taɓa buɗe taga ɗaya, ta ce mini, "Mu munka haifi ubansu, cikin ɗaki rufe munka rene shi, mi yas same shi?" Ban ƙara ba. Shi kuma maigida ya gani a Facebook cewa bushewar iska ce ke yaɗa cuta, yana so ya ci bashi ya sayo injin da ke feso danshi a ɗaki. Ita ma Inna tana fama da nata tarin tun kafin ta zo, amma ta ce na tsufa ne, tana shan jiƙe-jiƙenta. Hajiya, wa ke da gaskiya tsakanin Inna da maigida? In buɗe tagar ko in bari? Ba na son a ce ni na shiga tsakanin ɗa da uwa.

Wata baiwar Allah, Mabera

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya ba yaran lafiya, Ya ƙara miki haƙuri.

Bari in fara da kasko, don shi ne ba ya jiran gobe. Gawayi in yana ci, ko da ya yi jajir ya daina hayaƙi, yana fitar da wata iskar guba mara wari mara launi, ana ce mata kabon monoksaid. Tana shiga jini ta tare gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita. Ba ta tada mai barci, ƙara masa nauyin barcin take yi. Ina yarinya a gidan goggona, wata safiyar hunturu, mu huɗu aka wayi gari ba wadda ta iya miƙewa ta yi alwala. Kai na sara, ga amai, ƙafafu kamar an zare musu laka. Aka ce mutanen ɓoye ne suka ratsa ɗakin, aka yi ta tofi ana shafa mana. Sai da na girma na shiga aikin jinya na gane cewa kaskon da aka bar mana ne, kuma abin da Allah Ya sa ya zama sanadin tsirarmu shi ne ɗakin ba shi da ƙyaure, asabari ne a ƙofar, iska na ratsawa. Naku ɗakin an cusa masa tsumma. Don haka daga daren yau, in Inna na son jin ɗumi, a ji shi a tsakar gida ko a bakin ƙofa a buɗe, kafin a kwanta a fitar da kaskon waje. Wannan ba maganar lallashi ba ce, ki gaya wa maigidanki yau, shi ya ɗauke shi da hannunsa. Haka in kuna da janareta, a nisanta shi da taga.

Maigidanki bai yi ƙarya ba, rabin magana ya tsinto. Ke ma shaida ce. A watan Agusta in kin shanya zane da safe, har magariba da sauran laima a jikinsa. Yanzu fa? Kafin ki matse na ƙarshe, na farko ya bushe ƙamas yana ƙara kamar takarda. Masu auna yanayi suna lissafa danshin iska da kashi cikin ɗari. A tsakiyar damina na Sakkwato kan haura kashi 70, a hunturu da farkon bazara kuwa, da rana, yakan faɗo ƙasa da kashi 20. Iskar arewa maso gabas ce, ta ratso Sahara, ta kwaso ƙura daga wurare irin kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ba ta gamu da wani ruwan kirki a hanya ba. Da ƙishirwa take iso mana, sai ta sha daga duk abin da ta samu: zanen shanya, leɓen yaro, diddigenki, har cikin hanci.

Cikin hancin nan da maƙogwaro, Allah Ya shimfiɗa musu wata 'yar majina siririya. Ƙarƙashinta akwai wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani, suna kaɗawa dare da rana kamar matan da suka jeru suna shara gefe guda. Ƙura ko ƙwayar cuta in ta shigo sai ta maƙale a majinar, gashin su tura ta maƙogwaro a haɗiye ko a tofar. In iska ta bushe, majinar ta yi kauri, sharar ta ja baya, fatar wurin ta tsattsage kamar bakin tafki a watan Maris. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haɓon babban yaronki ma daga nan yake: jijiyoyin gaban hanci siraran gaske ne, fatar na tsagewa ko ya sa yatsa sai jini.

Akwai kuma abin da bushewar ke yi wa ita kanta ƙwayar cutar. Duk wanda ya yi tari ko atishawa, kai ko magana ma kawai, yana feso ƙananan ɗigon ruwa. Manyan su faɗi nan kusa. Ƙananan kuwa, a busasshiyar iska, sukan ƙafe tun ba su kai ƙasa ba, ya rage ɗan burbushi mara nauyi ɗauke da ƙwayar, ya yi ta shawagi a ɗaki kamar ƙurar nan da kike gani cikin hasken rana in ya ratso ta kafar taga. A shekarar 2007 wasu masu bincike a Amurka sun gwada haka da ɓerayen Masar. Suka sa masu ɗauke da mura mai zazzaɓi a keji ɗaya, lafiyayyu a na gefe, ba sa taɓa juna, iska kaɗai ke haɗa su. Da danshi ke kashi 20 zuwa 35 cutar ta yi ta tsallakawa, da aka kai shi kashi 80 ba ta tsallaka ba. Sanyi ma ya taimaka mata, don a digiri 5 ta fi yaɗuwa fiye da digiri 20. Irin wannan ne ya sa masana da dama ke cewa danshin ɗaki ya fi dacewa ya tsaya tsakanin kashi 40 da 60. Ina jin shi ne ya iso wayar maigidanki, bayan ya bi ta hannu goma.

Mu a nan ba sai ɓeran Masar ya gaya mana ba, muna da sanƙarau. Sakkwato na cikin wani zirin ƙasashe da ya taso daga Senegal har Habasha, inda cutar ke da lokacinta kamar mangwaro. Takan fara leƙowa a hunturu, ta yi ƙamari wajen Maris da Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40, ruwa na fara sauka ta lafa. Ƙwayarta na zaune a maƙogwaron mutane da yawa masu lafiya ba ta yi musu komai. Abin da masana suka fi rinjaya a kai shi ne bushewa da ƙura ke raunata fatar maƙogwaro har ta samu ta faɗa jini, cunkoson kwana kuma ya ɗauke ta daga wannan ya kai wa wancan. A 1996 ina sabuwar shiga aiki. Shekarar nan cutar ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Har yau in na rufe ido ina ganin mutane kwance a baranda da gindin dogon yaro, robar ƙarin ruwa rataye a reshe, iyaye mata zaune kusa da su ba mai iya kuka. A 2017 ta sake dawowa, ta faro daga Zamfara ta shiga Sakkwato da Kebbi da Katsina da Neja, ta ci rai sama da 1,100. Ki lura, a tsananin zafi take cin kasuwarta. Duk wanda ya ce sanyi ne cuta, ɗumi ne magani, bai yi watan Afrilu a asibitin garin nan ba.

Duk da haka, kada maigidanki ya ci bashin nan. Injin na son wuta tsawon dare, kin kuwa fi ni sanin halin wutar unguwarku. Yana son ruwa mai tsabta da wanki kullum. In aka bar ruwa ya kwana biyu ko uku a cikinsa, ƙwayoyin cuta da funfuna su hayayyafa, shi kuma ya feso muku su kai tsaye. Sannan ba ya ɗauke ƙwayar cuta ko guda ɗaya daga ɗaki, jiƙa iskar kawai yake yi. Babbar illarsa a gidanku ma ita ce, don ya yi tasiri sai an rufe ɗaki, ka ga Inna ta samu hujja daga hannun ɗanta.

In danshi ake so, akwai na talaka. Ki jiƙa tawul ko tsohon zane, ki matse, ki rataya a igiya cikin ɗaki kafin ku kwanta. Ki yayyafa ruwa kafin shara, ki yi sharar yara suna waje, kujeru da akwatuna a goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon a kakkaɓe ƙura ta koma sama. Wasu na ajiye baho da ruwa a ɗaki, amma ke kina da mai rarrafe, kada ki yi, ruwa kaɗan ya ishi jariri ya nutse. Ba zan yaudare ki ba, duk waɗannan kaɗan suke ƙarawa, hunturu ya fi ƙarfin tawul ɗaya. Abin da ya fi su amfani shi ne a jiƙa hancin kansa. Yara su sha ruwa da yawa ko ba su ce suna jin ƙishirwa ba, ta goye ta yi ta shan nono. A kemis akwai ruwan gishiri na ɗigawa a hanci, ba shi da tsada. Manyan biyu ki shafa musu ɗan basilin ko man kaɗe a bakin hanci da leɓe lokacin kwanciya. Man zafi da kafur kada su kusanci hancin jaririya, kuma kada a yi wa yaro sirace da tafasasshen ruwa, na ga ƙuna da yawa daga nan. In haɓo ya zo, ya zauna ya sunkuyar da kai gaba, a matse taushin hancin minti 10 ba sakewa. Ɗaga kai sama da muka saba yi tura jinin ciki kawai yake. Turaren wuta kuma, na san ba a raba mace da shi, amma a kunna da hantsi tagogi a buɗe, yara suna waje.

Yanzu ga abin da Inna da ɗanta duk suka tsallake. Babban mutum na shaƙa ya fitar da iska wajen lita 10,000 a kwana ɗaya. Ku biyar ne a ɗaki guda, a toshe tun la'asar har hantsi. Iskar da ta fito daga ƙirjin wannan ba ta da inda za ta sai ƙirjin wancan. Ki ɗauka kwanon wanke hannu ne aka ajiye wa mutum biyar, kowa ya wanke a ciki, ba a zubarwa ba a canzawa, gobe ma da shi za a yi. Ba za ki yarda da haka a ruwa ba don kina ganin dattinsa. Na iska ba a gani, shi ya sa ake haƙuri da shi. Ƙwayar ƙyanda takan kai awa 2 a iskar ɗaki bayan mai ita ya fita, ta tarin fuka ma takan daɗe tana yawo in ba inda za ta bi.

Wani abin da zai ba ki mamaki, ɗakin naku da dare ya fi waje danshi, don numfashin ɗan Adam jiƙaƙƙe ne. Wataƙila kin taɓa ganin gilashin taga ya yi gumi da asuba. Da danshi kaɗai ke magani, da ɗakinku ya fi ko'ina lafiya a Mabera, ga shi kuwa nan ne murar ke zagaye. A wasu asibitocin birnin Lima na ƙasar Peru an taɓa aunawa, aka ga buɗe tagogi da ƙofofi kawai na canza iskar ɗaki wajen sau 28 a awa ɗaya, fiye da ninkin abin da ake nema daga injinan zuƙe iska masu tsada. Tsofaffin gine-gine masu dogon rufi da manyan tagogi su suka fi.

Nan ne ma amsar maganar Inna take. Gaskiya ta faɗa, a ɗaki rufe ta reni ɗanta. Amma wane irin ɗaki? Ginin laka ne, da 'yan kafofi can sama kusa da azara, ko rufin ciyawa da iska ke bi ta cikinsa, ga asabari ko ƙyauren kara. Irin wannan ko an ce an rufe shi numfashi yake yi. Naku bulo ne da siminti da silin da ƙofar ƙarfe, in an toshe shi ya toshu kamar tulu. Dabarar ƙauye ta zo da ita, ɗakin ne ba na ƙauye ba.

Kuma tsoronta na da tushe. Ƙurar hunturu na tada tari da asma, jariri kuma na saurin yin sanyi fiye da babba. Ba cewa nake ki wangale tagogi iska ta yi ta kaɗa yara har safe ba. Ki fita tsakar gida ki duba daga ina take busowa, za ki ga daga arewa ne da gabas. Tagar da ke fuskantar can a bar wa Inna ita, ta liƙe da kwalinta. Wadda ke kallon kudu ko yamma ita za a buɗe kamar faɗin tafin hannu duk dare, a kuma cire tsumman ƙarƙashin ƙofa don iska ta samu mashiga da mafita. In taga ɗaya ce tak kuma tana fuskantar iskar, ki rataya mata jiƙaƙƙen mayafi mara kauri, zai tare wata ƙurar ya ɗan sanyaya bushewar. Da rana, daga hantsi zuwa la'asar, a buɗe komai, a fitar da barguna da matasai su sha rana. Ran da hazo ya yi yawa har ba a ganin ƙarshen layi, a rage lokacin, amma kada a fasa. Sanyi kuma a yi maganinsa a jikin mutum: hula, safa, rigar sanyi, bargo biyu. Fanka ba ta shigo da sabuwar iska, juya ta ciki take yi, haka ma na'urar sanyaya ɗaki irin ta bango, wadda ma ƙara busar da ɗakin take. Ki riƙe wannan don bazara na tafe.

To, 'yata, mu zo kan abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarki. Kin saka shi can ƙasa kamar labarin da bai shafe ki ba. Inna na tari tun kafin ta zo, kuma wata uku ke nan da zuwanta. Kuna ta gardamar taga da inji, an bar jaki ana dukan taiki.

Ban ce tarin fuka ne ba. Matar da ta yi shekara arba'in tana hura icce a madafa tana iya samun tarin hayaƙi, akwai na asma, akwai wanda ciwon zuciya ke kawowa. Amma babu wani ciwo mai suna tarin tsufa, kuma ƙa'idar ma'aikatan lafiya ita ce duk tarin da ya kai mako 2 a gwada shi. Ki lura da ita ba tare da kin nuna ba. Zanenta ya fara yi mata yawa? Tana jiƙa shimfiɗa da gumi cikin dare duk da sanyin nan? Zazzaɓi na rufe ta da yamma? Tana ture kwanon abinci? Kin taɓa ganin jini a kakinta? Ko babu ɗaya daga ciki, tsawon lokacin kaɗai ya isa a kai ta. Kaki ake bayarwa a ɗan mazubi, wani lokaci a haɗa da hoton ƙirji. Gwajin kakin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da ke aikin tarin fuka, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Asibitin Ƙwararru, kuma ƙaramin asibitin unguwa ma zai nuna muku inda za ku. In ya tabbata, maganin kyauta ne, wata 6 ake sha, ana warkewa sarai. Bayan 'yan makonni da fara shansa daidai, haɗarin yaɗa shi na raguwa ƙwarai. Yaranki kuma dole a duba su, musamman ƙananan biyu da ba su kai shekara 5 ba, don su ne cutar ta fi yi wa saurin illa. Akwai maganin kariya da ake ba irinsu ko ba su nuna alama ba.

Abu ɗaya nake roƙonki. Tarin fuka ta iska yake bi, ba ya bin kwano ko moɗa ko cokali. Kada ki ware mata kwanonta, kada ki hana yara gaishe ta ko zama da ita a tsakar gida. Na ga tsofaffi da yawa da suka bar shan magani a tsakiya saboda wulaƙancin gida ya fi musu ciwon zafi.

Wurin kwana ne za a canza kafin sakamako ya fito, kuma akwai yadda za a yi ya zama girmamawa. A bar wa Inna uwar ɗaka ita kaɗai, da gado da bargo mafi kauri, a ce kukan jaririya na hana ta barci, wanda na tabbata ba ƙarya ba ne. Ke da yara ku koma falo. Tagarta ta ɓangaren da ba iska a ɗan buɗe, gadonta a matsar da shi nesa da tagar, ƙofar da ke tsakani a tura da dare.

Duk wannan kuwa ba daga bakinki zai fito ba. Kin riga kin gwada taga ɗaya kin ji amsa. Suruka in ta faɗi gaskiya raini ake ji, ɗa in ya faɗi irinta kulawa ce. Ki samu maigidanki ku kaɗai, bayan ya ci abinci. Kada ki fara da cewa maganarsa ta inji ba daidai ba ce, ki ce masa kin bincika, abin da ya gani game da bushewar iska gaskiya ne, amma kina tsoron tarin Inna. Kuɗin da zai ranto, kaɗan daga ciki ya isa bargo biyu da kuɗin Keke Napep zuwa asibiti. Shi kuma ya same ta ba a gabanki ba, ba a gaban yara ba. Kada ya ambaci tarin fuka, kada ya kuskura ya ce ita ke sa wa yara ciwo. Ya durƙusa ya ce, "Inna, tarin ga naki ya hana ni kwana. Ki yi mani alfarma mu tai asibiti gobe a duba ki, hankalina shi kwanta." Uwa da wuya ta ƙi abin da ɗanta ya roƙa don kwanciyar hankalinsa. In ta ƙi, kada a ja da ita. A nemo wanda take jin nauyinsa, yayanta ko ƙaninta ko babbar ɗiyarta, a kira a waya a bar su su yi magana. A asibiti kuma maigida ya ja ma'aikaciyar jinya gefe ya roƙe ta ta yi wa Inna bayanin taga da kasko. Abin da za ki yi wata kina faɗa ba a ji ba, mai farin kaya za ta faɗa a minti biyu ya zauna.

Ki ɗauko katin rigakafin ta goye ki duba. A wata 9 ake yin allurar ƙyanda da ta sanƙarau, ta biyu ta ƙyanda a wata 15. In an tsallake, gobe ki kai ta. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar na sanƙarau, in kin ji ana yin ta a unguwa ki kai waɗanda shekarunsu suka kai.

Mura ta yau da kullum takan wuce cikin mako ɗaya zuwa kwana goma, ba ta buƙatar kafso ko allura daga kemis. Amma akwai alamun da ba a kwana da su a gida. Ki ɗaga rigar yaro yana kwance shiru ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya: ta goye in ya kai 50, mai shekara 4 in ya kai 40, ko kika ga ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki in ya ja iska, ciwon huhu ne, a tafi asibiti. Zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya da ciwon kai mai tsanani da amai da sanƙarewar wuya, ko yaro ya ƙi haske, ko ya rikice, ko ya yi jijjiga, wannan ko ƙarfe biyun dare ne a buga wa maƙwabci mai mota ƙofa, don sanƙarau na iya kisa cikin kwana ɗaya. Jaririya ba lallai wuyanta ya sanƙare ba, ita maɗigarta za ki taɓa ki ji ko ta kumbura, ki lura ko ta ƙi nono ko tana wani irin kuka mai tsini da ba ki saba ji ba.

Ki rubuto mini in sakamakon Inna ya fito, ki kuma gaya mini tagogi nawa ne a falon da inda kowace ke kallo. In maganin wata shida ne ya kama, akwai maganar abincin da za ki riƙa yi mata da yadda za a yi kada ta tsallake ko kwana ɗaya, sai mu yi ta a lokacin. Ki gaishe mini da ita.